Zanen Gawayi a Bangon Zaure

Tun ina saurayi, duk abin da ya faɗa rijiya a ƙauyukanmu na bayan Minjibir, mutum ko dabba, ni ake kira. A ɗaura min igiya a ƙugu, in kama wata da hannun dama sama da kaina, maza su zura ni. Ba kaki, ba ofis. Na dai san in aka ce a jira motar 'yan kwana-kwana daga birni, sai dai a nemi likkafani.

Ranar da na ciro wani magidanci daga rijiyar lambu a wajen Watari, kafaɗata ta ce ƙaras. Shi ya rayu. Ni kuwa aka kwantar da ni a asibitin birni aka ɗinke jijiyar da ta tsinke. Ɗinki ya warke, ciwo ya ƙi tafiya. Hula ma sai da hagu nake sa ta.

Likita ya tura ni sashen gashi. Na tafi da tunanin za a kawo wani abu mai zafi a dinga danna min ina kwance, kamar yadda ake wa mai targaɗe. Sai na tarar da wata ma'aikaciya, sa'ar 'yata ta fari. Ta ɗora min jakar ɗumi na ɗan lokaci, ta murza kafaɗar, sannan ta tsayar da ni a gaban bango.

"Baba, hau bangon nan da yatsunka, a hankali."

Na ce, "Gashin fa?"

Ta ce, "Shi ke nan. Rabinsa nawa, rabi kai za ka yi wa kanka a gida. In ka ɓoye hannun nan saboda zafi, zai sandare, zafin kuma ya ƙaru."

Raina ya ɓaci. Ni da na shiga ramukan da ko leƙa su ba za ta iya ba, an sa ni shafa bango. Amma yatsuna suka tsaya daidai ƙirjina, gumi ya keto min.

A gida na zaɓi bangon zaure. Na miƙa hannun hagu iya tsawonsa na ja layi da gawayi, domin nan igiya take in ina cikin rijiya. Kullum bayan sallar asuba da la'asar sai hannun daman ya hau, inda ya tsaya in yi masa ɗan zane.

Abin da ya fi ciwon cin raina shi ne sannu. 'Yan dubiya su cika tabarma: sannu Malam, kwanta ka huta, ai ka yi naka. Da suka ga ina tafiyar da yatsu a bango ina cije baki, magana ta canza. Wai mutanen rijiya ne suka biyo ni, tunda na daɗe ina ƙwace musu abin da suka kama. Yayana ya zo da turare da rubutu. Na sha rubutun, don ba na faɗa da addu'a, na koma bangona. Da na tafi asibiti wani zuwan, ya sa aka yaɓe bangon kaf, zanen ya tafi.

Na same shi a ƙofar gidansa na ce, "Yaya, ko sau goma ka yaɓe, gawayi bai ƙare a murhu ba."

Ya ce, "Tausayinka nake ji."

Na ce, "Ajiye shi, ya yi min nauyi."

Cikin damina saniya ta faɗa wata tsohuwar rijiya a ƙauyen gabas da mu. Ba wanda ya aiko. A kasuwa na ji, bayan ta mutu a ciki. Na ji haushi, na ji tsoro kuma, don watarana ba saniya ba ce za ta faɗa. Har maiɗakina ta ce ai gara da ba a kira ni ba. Kwana biyu ban yi mata doguwar magana ba.

Sai da aka yanke gero yatsuna suka taɓa layin sama da na sake ja. Ma'aikaciyar ta ƙara min makonni ina jan roba don ƙarfafa kafaɗar, ta gwada ƙarfin hannun, sannan ta ce in fara da rami marar zurfi, da maza a sama. Na gaya wa mutane a masallaci. Kowa ya ce madalla, da irin muryar da ake lallashin marar lafiya.

Washegari da hantsi ina zaure, maiɗakina ta leƙo.

"Malam, guga ya faɗa."

Ƙugiyar da muke ciro guga da ita tana rataye a jikin rumbu, a gaban idonta. Na dube ta, ta kau da kai. Igiyata ce a hannunta, ta wanke ta.

Ta ce, "Na aika a kira Yaya. Shi zai riƙe maka."