Shekarar da Na Leƙa Rumbun Kawuna

Shekaru sun tura, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, don haka mai yiwuwa na haɗa ranar wani abu da ta wani, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba. Abin da na tabbata shi ne an yi fari, soja ke mulki, ni kuma na gama jami'a a Yamai ina jiran takardar da za ta tura ni koyarwa. Ba ni da inda zan jira sai gidan kawuna, a wani ƙauye kusa da Korgom. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa tun ban iya riƙe hauya ba.

Na sauka da akwatin ƙarfe, rabinsa littattafai. Iri biyu ne. Akwai tsofaffi masu kauri, na Turawan da suka daɗe da mutuwa, akwai kuma sababbi na ƴan Afirka, sirara, waɗanda muke naɗewa da takardar siminti saboda jandarmomin kan hanya. Tsofaffin sun fi shiga raina, ko da yake a jami'a ba na yarda in faɗi haka. Marubucinsu ba ya gaggawa. Sai ya shiga ɗakin matalauci ya tsaya, ya gaya maka abin da ke cikin tukunya, da inda rigar ta yage, da yadda uwa ke yanka burodi don ya kai gobe. Sababbin kuwa zafi gare su, kamar mutumin da aka taka wa ƙafa a kasuwa. Ina gama ɗaya sai in ji ina son in tashi in yi wa wani faɗa. In ban yi musu ƙarya ba, abu guda duka suka dasa mini: wanda ya ga yunwa ya yi shiru, da shi aka haɗa baki.

Taubashina, babban ɗan kawu, magidanci mai ƴaƴa uku, ba ya wuce ni a gindin itacen bedi sai ya tsokane ni.

"Bawana, wannan mai kaurin ana dafa shi?"

"Da ana dafawa da tuni ka sace."

"Wallahi da na sace. To me suke cewa yau?"

"Labarin wasu manoma ne da yunwa ta kama."

"Ikon Allah. Har Yamai ka je sayen wannan labari? Ai da ka tambaye ni, kyauta zan ba ka."

Kullum Inna, matar kawu, tana aiko mini da fura da rana, tuwon hatsi da maraice, a ɗakina ni kaɗai. Na ɗauka girmama mai digiri ne, kuma ban ƙi ba. Amma tsofaffin littattafan sun koya mini kallo. Na ga anza, ƴaƴan itacen nan da ake ci lokacin yunwa, jiƙe a tukunya bayan ɗakin girki, ana sauya mata ruwa don ɗacin ya fita. Na ga ƴaƴan taubashina sun daina guje-guje. Na lura kawu ba ya hawa rumbu sai in ba kowa a tsakar gida.

A wurinmu rumbun maigida nasa ne shi kaɗai. Matarsa ba ta leƙawa, ɗansa ba ya leƙawa, abin da ya miƙo shi ake sussukawa. Na san wannan, ba zan fake da rashin sani ba. Na dai sa shi cikin abubuwan da littattafai ke kira duhun kai. Wata ranar kasuwa da gidan ya yi shiru, na jingina tsani na ɗaga hular rumbun. Babu komai sai ƙaiƙayi da igiyoyin dami, da ƴan zangarniyoyi dogaye masu kyau da ba su cika hannu biyu ba. Na sauko, kuma in na faɗi gaskiya akwai ɗan daɗi a raina. Na ga abin da ake rubutawa da idona.

Bayan kwana kaɗan motar soja ta zo da buhunan jar dawa. Aka tara magidanta a ƙofar maigari. Wani ƙaramin hafsa, da kaɗan ya girme ni, ya ce taimakon na waɗanda rumbunsu ya ƙare ne, kowa ya fito ya faɗa da bakinsa. Mutane suka fara fitowa, kai a ƙasa. Kawu yana zaune a kan buzunsa kusa da liman. Shi ne wanda duk shekara ake zuwa wurinsa neman iri, domin an san shi da zaɓen zangarniya, kuma ba a taɓa jin ya taɓa irinsa ba ko a wace irin shekara. Da aka zo kansa ya ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, da sauran abin taɓawa. A ba na bayana."

Sai na miƙe. Da Faransanci na yi magana, ina ganin hakan zai rufa asiri, tunda daga ni sai hafsan ke ji. Na ce dattijon nan kawuna ne, kunya ce ta hana shi, rumbunsa babu komai, na gani da idona.

Hafsan ya dube ni, ya dubi kawu, ya juya harshe zuwa Hausa da ƙarfi yadda na bayan katanga za su ji.

"Tsoho, ɗanka ya ce ƙarya kake yi wa hukuma. Wa zan yarda da shi?"

Hafsan ya nuna ni da yatsa, ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal.

"Mushe ya ce ya leƙa rumbunka. To mu ma bari mu leƙa."

Aka tashi gaba ɗaya aka nufi gidanmu, sojoji a gaba, gari a baya. Suka shiga har tsakar gida, inda baƙon namiji ba ya takawa. Inna ta ja mayafi ta shige ɗaki. Soja biyu suka ture hular rumbun ta faɗo ƙasa. Ina zaton nan abin zai tsaya, sai hafsan ya ce maigidan ne zai hau ya duba da kansa, tunda shi ya san inda ya ɓoye dukiyar. Kawu ya cire hularsa da takalmansa, ya hau tsanin a hankali, ya shiga. Kansa kaɗai ake gani a bakin rumbun. Hafsan ya ɗaga murya daga ƙasa.

"Me ka gani, Alhajin hatsi?"

"Babu."

"Ban ji ba."

"Babu."

"Irin fa?"

Ya ɗago ƴan zangarniyoyin nan a hannu. Wani daga cikin taron ya ce, "Ashe ya ci iri." Maganar ta bi baki har waje. Ina jin an yi dariya. A kan wannan ne tunanina ya fi yi mini gardama: wani lokaci ina jin ta sojoji ce kawai, wani lokaci ina jin muryoyin mutanen da suka sha karɓar iri a hannunsa.

Aka ba shi rabin buhu. Hafsan ya hana taubashina ɗauka, ya ce wanda ya yi ƙarya shi zai yi dako. Daga ƙofar maigari har gida kawu ya ɗauko shi a ka. Kafin motar ta tashi hafsan ya dafa kafaɗata ya ce da Faransanci ƙasa na bukatar matasa irina. Na ce na gode. Wannan ma ina tunawa sarai.

Da la'asar taubashina ya same ni a gindin bedin. Bai kira ni bawansa ba.

"Mushe, furar nan da kake sha, daga ina kake zaton take fitowa?"

Bai jira amsata ba.

"Mu wata biyu ke nan anza muke ci. Ranar da ka sauka ya kwance damin iri. Na ce Baba, a ba shi abin da muke ci mana, ai ɗan gida ne. Ya ce cikin ɗan lakwal ba ya ɗaukar anza, kuma ba za a ce ɗan ƙanwarsa ya zo da digiri ya kwana da yunwa a gidansa ba." Ya dubi littafin da ke cinyata. "Wannan bai gaya maka ba?"

Kawu bai taɓa yi mini maganar ba. Da ma ya zage ni. Washegari ya gaishe ni kamar kullum, ya tambaye ni ko takardar ta fito. Da rana Inna ta aiko da kunun jar dawa, ta ce a ba ni haƙuri, hatsin ya ƙare. Ya daina zama a ƙofar maigari, sallah ma sai ya tsaya a sahun baya ya riga kowa fita. Da gajimare ya fara haɗuwa, mutane suka shiga neman iri gida gida, kuma kowa ya san wannan karon shi ma sai ya miƙa hannu. Kafin ruwan farko ya ɗauki sandarsa da buta, ya ce zai gangara kudu ya ga wani abokinsa. Ni kuma takardata ta fito, aka tura ni wajen Mayahi.

Na sake karanta littattafan nan daga baya, wasu na koyar da su shekara da shekaru. Ban ce laifinsu ne ba, mutane da yawa sun karanta su ba su hau tsanin kowa ba. Sababbin yanzu suna gajiyar da ni, ko da yake ina ganin gaskiya suka faɗa game da masu bindiga. Tsofaffin har yau ina jin daɗinsu, abin da ke damuna ke nan. Na dai lura marubucin ba ya sallama kafin ya shiga ɗakin matalauci, kuma ban taɓa cin karo da shafin da mai ɗakin ya ɗago kai ya gan shi ba. Wataƙila akwai, ni ne ban kai wurin ba.

Kawu bai dawo ba. Wasu sun ce an gan shi yana sayar da ruwa a wata tasha bayan iyaka, wasu sun ce tun a hanya ciwo ya kama shi. Taubashina ya bi sawu sau biyu bai samo komai ba, kuma har ya rasu gaisuwa kawai ke tsakaninmu. Waɗanda suka tsaya a tsakar gidan nan ran nan ba su ƙare ba tukuna. In wani ya karanta wannan, ko aka karanta masa, ya ga na yi kuskure, ina roƙo ya aiko a gyara, ko da gyaran zai ƙara mini nauyi. Ina son in san su wa suka yi dariyar. In kuma akwai wanda ya san garin da kawuna ya tsaya, ko inda aka binne shi, don Allah ya gaya mini.