Hannun Baba a Gefen Hoto

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Agusta, ina 'yar shekara tara, muna hutun makaranta, aka rufe kwantena ta farko da kamfanin su Baba ya taɓa turawa Kano. Har yau ina jin zafin ranar a tafin ƙafata, don silifas ɗina mannewa ya riƙa yi da kwaltar Al Quoz, unguwar masana'antu a Dubai. An kira mai hoto. Injiniya, wato dattijon nan ɗan Indiya mai kamfanin, ya tara ma'aikatansa a bakin sito yana ta "yalla, yalla," wato a yi sauri, sannan ya miƙa hannu ya jawo Baba kusa da shi. Baba ya yi murmushi, ya zame, ya tura ni gaba a madadinsa, ya ɗora mini kafasita ɗaya a hannu. "Ku ɗauka da yarinya," in ji shi, "ni ba sai na shiga ba." Na ja hannun rigarsa, na sake ja, ya ƙi motsi. Haka aka ɗauka.

Kafasita ɗan abu ne kamar ƙaramin gwangwanin tumatir, da wayoyi biyu a kansa. Shi ke tayar da fanka da na'urar sanyaya ɗaki. In ya mutu, sai ka ga fanka tana gurnani ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Baba ya san ciwon nan ciki da waje, domin gyaran fanka yake yi a Kano kafin 'yan kasuwar garinmu su jawo shi Dubai ya riƙa duba musu kaya kafin a loda. A nan ya haɗu da Injiniya, wanda a lokacin ba shi da komai sai sito ɗaya, injin naɗa kafasita ɗaya tsoho, da kayan da ake dawo masa da su ana cewa ba sa daɗewa.

Baba ne ya gaya masa dalili. Ya ce kayan nan a ɗaki mai sanyi ake gwada su, alhali ƙarƙashin rufin kwano za su yi rayuwa. Ya samo akwatin ƙarfe, ya shafa masa baƙin fenti, ya hau da shi rufin sito. Duk kafasitar da aka naɗa sai ta yi kwana uku a ciki tana shan rana kafin a gwada ta. Wadda ta kumbura ko ta zubo da mai, a jefa ta kwando. Ma'aikata suka yi ta dariya, wai Malam Habu yana gasa kaya kamar gurasa. Amma kafin shekara ta zagayo, masu shaguna a kasuwar Deira sun fara tambayar "na shanya" da bakinsu, kuma daga nan kamfanin ya miƙe.

Mu kuwa a unguwar Al Buteen muke zaune, ɗaki biyu a saman shagon wani mai sayar da turare. Aikina da safe in sauka in karɓo burodi mai zafi, in dawo in share baranda, in taya Umma shanya wanki a igiyar da ke fuskantar ruwa, inda ƙananan jiragen katako ke ta kai da kawo. Babu tsakar gida, babu ƙasar da za a yi wasa, don haka matattakala ce filinmu, ni da 'ya'yan maƙwabta. Da matattun kafasita muke 'yar carafke, tunda tsakuwa ma wuyar samu take. Baba ba ya ba mu ko ɗaya sai ya haɗa bakin wayoyin da sukudireba ya ji ta yi tas. "Abin nan yana riƙe wuta ko an cire shi," yakan ce. Wata irin wannan ce ta ƙona masa babban yatsa tun yana Kano, ta bar masa farin tabo.

Abin da ke ƙona mini rai tun a lokacin shi ne halin nan nasa na ja da baya. In baƙi suka zo sito, Injiniya na bayanin akwatin rufi, Baba na can yana goge inji kamar ba da shi ake ba. A wajensa rashin kunya ne yaro ya jera kafaɗa da ubangidansa, kuma mutum ba ya faɗin aikinsa da bakinsa. Umma ta yi mita har ta gaji. "Kai Malam, ko a ɗaurin aurenka bayan mutane ka tsaya," take ce masa. Sai ya yi dariya ya ce ai Injiniya ya sani, Allah ma ya sani. A Kano da hakan ya wadatar, don unguwa ba ta mantuwa, ko jikokinka ne za a nuna a ce na wane ne. Amma nan gari ne na takarda da hoto, mutanen da suka san ka gobe sun koma ƙasashensu.

Kamfanin ya girma, ya tashi daga Al Quoz ya koma Dubai Investments Park. Idon Baba ya yi rauni, ya koma Kano. Injiniya ya rasu. Ni na zauna, na yi karatu, na yi aure, ina aikin jinya.

Bara wani aiki ya kai ni wajen, na hango sunan kamfanin a jikin wani dogon gini mai gilashi, na kasa wucewa. A zauren shiga sun jera tarihinsu a bango tun daga sito na farko. An rubuta cewa Injiniya ne ya ƙirƙiro gwajin zafi. Ga kuma hoton ranar Alhamis ɗin nan an faɗaɗa shi, ga ni a gaba na tsuke fuska, a ƙasa an rubuta wai 'yar wani mai sayen kaya. A gefen hoton, inda aka yanke, hannu ɗaya ne kawai a kan kafaɗata, da farin tabo a babban yatsa.

Na yi wa yarinyar da ke kan tebur bayani. Ta saurare ni da ladabi, ta kira wani babba, shi ma ya saurara. Daga ƙarshe ya tambaye ni ko ina da takarda, ko wani hoton da fuskar mahaifina ta fito. Ba ni da ko ɗaya. Me zan ce masa? In ce mutumin da kansa ya fita daga hoton?

A mota na kira Baba, na zazzage masa komai, har da faɗan da na shekara da shekaru ina haɗiyewa. Ina jiyo fanka na juyawa a saman kansa. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Hauwa, har yanzu suna shanya su a rana?" Na ce a'a, ɗaki guda suka gina mai zafi, da na'urori. "To madalla," in ji shi, "ba su daina ba." Na kife kaina a kan sitiyari, na rasa ko ihu zan yi ko kuka.

Da can ina ganin in na ƙara jan rigar nan da ƙarfi zai shigo. Yanzu na san ko Injiniya bai iya ba. 'Ya'yana ba su taɓa ganin sito ba, ba su san 'yar carafke a matattakala ba, kuma hoto suke ɗauka ko shayi za su sha. Na ɗauko hoton bangon a wayata, nakan faɗaɗa musu gefen har tabon ya fito, in ce wannan kakanku ne, shi ya hau rufi da akwati. Tunda ya ƙi faɗa da bakinsa, ni zan yi ta faɗa da nawa.