Injin da Goggo Delu Ta Koya wa Gaisuwa

Shekara biyar ke nan da rasuwar Goggo Delu, yayar babanmu, Allah Ya jiƙanta, amma ko jiya sai da ta gaishe ni. Kada mai karatu ya zabura. Layin sana'arta na kira, muryarta ta ɗauka kamar kullum. Abin da ya hana ni zama wuri ɗaya shi ne, ƙarshen watan nan za a cire muryar.

Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli Goggo take yi a Kwanyawa. Masu sari suka yi mata yawa, har na rantse na taɓa ganin wayarta tana gumi. Sai ta ɗauko wani ƙaramin kamfanin fasaha daga Kano, ya haɗa mata layin da zai riƙa karɓar oda da kansa. Suka turo injiniyarsu, Anti Rukayya, da kwamfutarta.

Layin farko kwana uku ya yi. Kana kira sai ka ji an ce danna ɗaya domin mai, danna biyu domin ƙuli, ko sallama babu. Mutane suka dinga kashe waya. Wani dattijo ya tuƙo keke takanas daga Kafin Dafga don ya ji wace marar kunya Delu ta ɗauka aiki. Anti Rukayya ta nuna a kwamfuta cewa komai yana tafiya daidai. Goggo ta leƙa, ta ce:

"'Yar nan, injinki lafiyarsa ƙalau. A gidan da ya taso ne ba a gaisuwa."

Aka naɗi muryar Goggo tana gaisuwa, sai dai "ina kwana" kaɗai aka ɗauka, injin kuwa ya riƙa zuba ta har bayan la'asar. Labari ya kai Gwangwan cewa Delu ta fara ruɗewa, mata suka ciko mota suka zo dubiya. Anti Rukayya ta koya wa injin duba agogo, Goggo ta ƙara masa "ya ruwa" da damina.

Babbar rigimar a kan shiru aka yi ta. Injin yana jero gaisuwa ba ya jiran amsa. Goggo ta ce wannan ba gaisuwa ba ce, karatun labarai ne, dole ya saurara. Anti Rukayya ta ce a aikinsu, shiru a layi alamar matsala ce. Mako guda suna ja, mu muna cin ƙuli muna kallo, kafin Anti ta zo da dabara: injin ya kasa kunne, kada ya ci gaba sai mai kira ya gama amsawa. Goggo ba ta san yadda ake haɗa wannan ba, Anti kuma da ba za ta taɓa tunaninsa ba. Yau a ofishinsu "shirun Goggo" suke ce masa, kuma sun saka wa wasu 'yan kasuwar.

Yanzu Baffa Sabo, ƙanenta, ke riƙe da sana'ar, kamfanin kuma zai mayar da kowa kan sabon tsari. Baffa ya ce yaran yanzu ba su da lokacin doguwar gaisuwa, kuma bai dace wadda ke kabari tana tallan mai ba. Magana ta biyun nan ce ta fi damuna. Ina ta tambayar kaina me Goggo za ta ce, kuma ina tsoron amsar, don matar da ta kyautar da turminta ranar da injin markaɗe ya iso ba ta riƙon tsohon kaya.

Ranar Asabar Anti Rukayya ta zo a yanke magana. Baffa yana tsakiyar bayani na kira layin, na buɗe murya, na ajiye wayar a tabarma.

"Salamu alaikum. Ina wuni?"

"Lafiya lau, Yaya," in ji Baffa, har da gyara zama.

Injin ya jira. Baffa ya ce yara ma lafiya, gyaɗar bana ta yi kyau, sannan ya tuna da wa yake magana. Ba wanda ya yi dariya, har ni.

Baffa bai janye ba. Ya ce a cire muryar a ba mu ita mu adana a gida. Amma ya ce wa Anti Rukayya duk muryar da za su kawo, ko daga wata duniyar ce, sai ta yi gaisuwa kuma ta jira amsa.

Na auna abin da zai saura na Goggo: ba murya, ba turmi, sai ɗan shirun da ake bar wa mutum ya ce lafiya lau. Ban sani ba ko ya ishe ni. Kafin wata ya ƙare dai kullum sai na kira, in ta ce ina wuni na kwashe mata labarin makaranta kaf, da wanda ya faru da wanda na ƙara. Tana jira har na gama. Da ranta kuwa, ba ta taɓa bari na kai ƙarshen magana ba.