Gurnanin Wuta da Muryar Kaka

Mu huɗu ne a gidanmu na Ƙofar Guga a daminar da na shiga aji biyar na firamare: mahaifina Malam Lawal, akawu a wani ofis a GRA, mahaifiyata, wadda muke kira Umma, yayata Hindatu, sai ni. Kaka, mahaifiyar Baba, ta rasu kafin azumin shekarar, ta bar muryarta a kaset bakwai da ya ɗauka tun tana da ƙarfinta, tana ba da tarihin gida da tatsuniyoyi da waƙoƙin daka. Wata Asabar da hantsi aka kawo wuta, yaran unguwa suka ɗauki ihu, Baba ya ajiye buta ya faɗa ɗaki. Ya ƙuduri aniyar kwafe muryar a sababbin kaset, domin tsofaffin sun fara laushi. Ya haɗa manyan rakodojinsa biyu, waɗanda ba sa cin batir, ya danna. Da ya kunna mana sabon, sai wani gurnani ya cika ɗakin kamar ƙudan zuma a cikin tulu, muryar Kaka tana can ƙarƙashinsa, da kyar ake tsintar maganarta.

Daga ranar natsuwa ta ƙaurace wa gidan. Wutar ba ta da lokacin zuwa, kuma idan ta zo kowa a layinmu yana da buƙatarsa. Baba ya gane ta wutar gurnanin yake shigowa, sai ya raba mana aiki. Hindatu ce mai kashe fanka da firji, Umma tana mita cewa zoɓon da take sayarwa zai narke. Ni kuwa, ko ana tsakiyar langa ne a ƙofar gida, sai in saki ƙafa in ruga wurin Gwaggo Talatu mai injin markaɗe in roƙe ta ta kashe shi, domin duk lokacin da injinta ya tashi, ƙarar tana biyo waya har cikin lasifikarmu. Takan dube ni, ta dubi jerin kwanonin tattasai, ta ce, "Ɗan Malam, ka ce mashi mamaci ya iya jira, miya ba ta iyawa." Baba ya sayo sitabilaiza, amma ita ƙarfin wuta take daidaitawa, ba ta tace shi.

Abin da babu wanda ya lura da shi a cikinmu shi ne, kowane gwaji yana cin tsohon kaset. Baba mutum ne mai naci. "Mai nema yana tare da samu," in ji shi, sai ya sake mayar da zaren kaset ɗin zuwa farko. Zaren ya dinga sirancewa, rakoda ta fara tauna shi. Ni nake zaro shi a hankali in naɗe da biro, Hindatu ta liƙe inda ya tsinke da jan farce. Duk inda muka liƙe, wata magana ta tafi ke nan. Sai Kaka ta fara ambaton sunan kakanta, mu ji ta faɗa tsakiyar tatsuniya.

Sai bayan girbi wani abokin aikinsa ya ba shi shawarar taransifoma mai raba layi. A Ƙofar Kaura aka naɗa masa ita: naɗin waya biyu a kan ƙarfe ɗaya, ba sa taɓa juna, wuta ta tsallaka, mafi yawan hayaniyar layi ta tsaya a baya. A bayan keke muka turo ta saboda nauyi. Ba ta kashe gurnanin gaba ɗaya ba, amma ta kwantar da shi, alhali injin Gwaggo yana ta aikinsa. Baba ya daɗe yana saurare, kansa a sunkuye, sa'an nan ya ce, "Ashe har numfashinta yana ciki."

Yau na gama jami'a, gidan yana da wutar sola, kuma wayar da ke aljihuna tana ɗaukar murya tsaf ba tare da gurnani ba. Sai dai babu tsohuwar da za a zauna a gabanta a ɗauka. Kaset bakwai Kaka ta bari. Uku suka tsira. Huɗu suka lalace, ciki har da na tarihin gida.