Ƙuri'un Kalilu da Suka Tsaya a Bakin Ƙofa

Ka taɓa ƙirga ƙuri'un da ba a kaɗa ba? Kalilu ya ƙirga. Shekara huɗu yana karatu a Kuala Lumpur, duk ɗan Afirkan da ya sauka shi ke nema masa ɗaki a unguwar Cheras, wajen makaranta. A 2021 ya tsaya takarar wakilin ɗaliban ƙetare. Saboda korona, jami'arsu ta ce mazauna cikin makaranta kaɗai za su yi zaɓe. Mutanensa ɗari da sha biyu suna Cheras, tara ne a ciki. Na Cheras sun zo da takunkuminsu, mai gadi ya tare su, ya ce da salon maganar garin, "Doka ce, lah." Da ƙuri'a shida aka kayar da shi. Abin da ke cinsa, shi ya zaunar da su a waje. Zaɓe na gaba, tsaya bakin ƙofa ka ƙirga waɗanda aka mayar.