Shekarar da Kacala Ta Toshe Rafinmu

Yayana shi ne mai ƙwaƙwalwar gidanmu. Tun muna firamare a Guri malamai ke cewa kansa na ja, kuma bai ba su kunya ba, har jami'a ya je ya karanto harkar ruwa da noman rani. Da ya dawo babu aiki, sai ya kama koyarwa a sakandare, da yamma kuma ya same mu a fadama wajen shinkafa.

A shekarar da kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta toshe rafin bayan gonakinmu, manoma suka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Yaya ya tsuguna ya zana hanyar ruwan a ƙasa da tsinke. Ya ce in ba a yi gayya an yanke ciyawar ba kafin damina ta kankama, kogi zai juyo kanmu.

Wani Alhaji dillalin shinkafa, wanda ya kawo wa taron goro da lemo, ya yi murmushi.

"Malam, boko daɗi! Ka huta, na yi magana da manya, za a turo injin haƙa."

Aka hau tafi, taro ya watse.

Inji bai zo ba. Ni da Yaya da wasu tsiraru muka shiga da lauje, ruwa iya ƙirji, matsattsaku na shan jininmu, har ƙarfinmu ya ƙare. Da ruwa ya sauka sosai, kogi ya malalo gonakinmu, ko kan shinkafa ɗaya ba mu tsira da shi ba.

Na ɗauka za a tuna da maganarsa. Ranar jajen ambaliyar Alhaji ya zo da baƙi daga birni, ya raba taliya da sabulu, ana ta sa masa albarka. Mai unguwa ya waiwayo.

"Malam, kai da ka iya Turanci, tashi ka gode wa baƙi."

Ya tashi ya gode musu.

A hanyar gida na kasa haƙuri. "Yaya, me ya hana ka tuna musu?"

"Ba mantawa suka yi ba, ƙanena," in ji shi. "Ni kuma na gaji."

Har yau yana koyarwa. Yana zuwa taro, amma a baya yake zama, ya yi sallama tun ba a tashi ba. Bara ya bar mini gonarsa ta fadama, ya koma noman gero a tudu, can wajen garin Malam Madori.