Baba Ishaya da Allonsa Mai Taya

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Madarumfa ya san ƙarar nan ta safe: gurrr, gurrr, sai tim! Sannan muryar Baba daga ƙasa: "Kada kowa ya taɓa ni! Ƙasa uwa ce, runguma ta yi mani." Ni Rahila, autarsa, har yau ƙarar na cikin kunnena.

Yana yaro a Maradi, babansa na yi wa wani Bature ɗan mishan girki. 'Ya'yan Baturen suna da wani allo mai taya huɗu, ana tsayawa a kansa a zura bisa siminti, a nan ya koya. Daga baya sai tuƙin babbar mota, aure, 'ya'ya, furfura, har ya zama dattijo a majami'a. Kwatsam ran nan ya dawo daga kasuwar Ɗan Issa da irin allon a hammata, wai wurin 'yan gwanjo ya tsinto.

Mama ta juya shi sama da ƙasa. "Madalla, na samu na yanka albasa. Amma mi ya kai taya jikinshi?"

Baba ya karɓe abinsa. Ya tattare riga, ya hau, ya zura daga baranda sai gindin rumbu. Muka saki baki. Tsoho mai jikoki!

Ga maƙo kuma. Ba zai sayi man inji ba, man gyaɗar Mama yake ɗiga wa tayoyin. Akuyar maƙwabcinmu Malam Idi ta ɗanɗana sau ɗaya, shi ke nan, duk inda ya zura tana biye da gudu tana kuka. Da abin ya ishi Malam Idi, sai ya leƙo ta katanga: "Ishaya, ko ka sayi akuyar ga, ko ka sake mai!"

Sai Baba ya ce shi zai riƙa share majami'a kowace Asabar. Kowa na yabon tawali'unsa, mun manta babu siminti mai santsi irin nata a garin. Fasto ya shigo ya same shi yana ratsa tsakanin bencina, tsintsiya a kafaɗa.

"Dattijo! Mi ke nan?"

"Fasto, cewa ka yi mu zo gidan Ubangiji da murna. Ba ka ce da ƙahwa ba."

Duk wannan dariya ce, sai da ta zo kaina. Dangin Bitrus za su zo daga Gabi neman aurena, mutane masu kamun kai, kawunsa ko murmushi sai da dalili. Na durƙusa na roƙi Baba, Mama kuma ta tura allon cikin rumbu ta binne da gero. Ran zuwansu da hantsi Baba ya ce zai je ya sayo goro. Ba wanda ya lura da geron da ke zube a tsakar gida.

Baƙi suka iso, aka yi masu shimfiɗa a ƙofar gida, bakin kwaltar da ke gangarawa tafki. Ina leƙe ta zaure, sai na ji gurrr. Wayyo ni! Ga Baba ya taho cikin babbar riga, goro a hannu, akuya a baya. Abin ba shi da burki, shi kuma ba zai wuce surukai bai gaishe su ba. Sai ya rusuna a kan allon yana tafiya.

"Maraba da mutanen Gabi! Kun zo lahiya? Ina iyali? Ina..."

Ya wuce. Can ƙasa muka ji tim, cikin lambun kabeji.

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, don na san auren ya mutu. Can sai ga shi ya hauro, taɓo har gemu, yana ɗingishi, goron na nan a hannunsa. Ya tsuguna gaban kawun Bitrus.

"...ina gajiya?"

Kawun ya dube shi daga sama har ƙasa. Sannan ya ce, "Babu gajiya. Mutumin da ya hwaɗi haka bai yanke gaisuwa ba, ɗiyarshi ba za ta yanke zumunci ba. A sa rana."

Da ƙafafun Baba suka daina ɗaukarsa, Bitrus ɗin ne ya ɗaura wa allon igiya, yana jan shi zuwa majami'a ran Lahadi, Baba na zaune yana masifa wai ba ya sauri.

Ranar da aka kai shi makwanci, da aka fara zuba ƙasa, Mama ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Bar kuka, Rahila. Runguma ta yi mashi."

Ubangiji, ga bawanka nan, bai taɓa sanin burki ba. Ka tare shi da hannunka, ka ba shi hutawa. Amin.